Fiɗar Gindin Babbar Jijiyar Zuciya

Akwai wata babbar jijiya da ta fito daga zuciya, ita ce take kai jini ko'ina a jiki. A bakinta akwai ƙyaure wanda yake buɗewa jini ya fita, ya rufe don kada ya komo. Wani lokaci gindin jijiyar nan yakan kumbura, har ƙyauren ya kāsa rufuwa sosai. Hawan jini yana jawo haka, kazalika wata cutar gado mai suna Marfan, wadda masu ita galibi dogaye ne masu zara-zaran yatsu. Idan faɗin kumburin ya kai wajen santimita 5 da rabi, likitoci sukan ba da shawarar fiɗa.

A shekarar 1968 ne waɗansu likitoci biyu a Landan, Hugh Bentall da Antony De Bono, suka bayyana hanyar gyaran. Akan sāke gindin da ya lalace da wani bututu na saƙa wanda aka riga aka haɗa shi da sabon ƙyaure, sa'an nan a dasa masa ƙananan jijiyoyin nan biyu masu ciyar da zuciya. A Nijeriya kuwa, a Inugu aka fara buɗe zuciya a yi mata aiki, cikin 1974.

Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin bisa shiri sukan tashi su koma sana'arsu. Wanda ya dakata har jijiyar ta tsage, haɗarinsa ya ninka, wani ma ba ya kai wa asibiti. Saboda haka mutumin Yola ko Jimeta mai haki da ciwon ƙirji, ko wanda ɗan'uwansa ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, ya nemi a ɗauki hoton zuciyarsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama yana kusa.

Bayan fiɗa akwai sauran aiki, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ƙyauren ƙarfe yana da ƙarko, amma tilas mai shi ya sha maganin tsinka jini, wato warfarin, muddin ransa, yana zuwa awon jini a kai a kai. Kada ya yarda wanzami ya yi masa ƙaho, kada a cire masa haƙori sai likita ya sani. Zogale da alayyafo suna rage ƙarfin maganin; ba a hana shi ci ba, amma ya tsaya a kan gwargwado ɗaya. Ƙyauren da aka yi da naman dabba ba ya bukatar maganin har abada, sai dai yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 15. Macen da take son haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin a zaɓi ƙyaure, gama warfarin yana iya cutar da ɗan tayi.