Motarka Na Shan Ruwa Kullum? Ga Yadda Za Ka Gano Yoyon, Da Taimakon Wayarka

Yau darasinmu ya bar cikin waya ya shiga ƙarƙashin bonet, amma kada ka ajiye wayar, don da ita za mu yi rabin aikin.

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Yelwa zuwa Koko ko Kontagora ya san jarkar ruwan nan da ke bayan but. A tsaya a hanya, direba ya buɗe bonet, ya tuttula ruwa a lagireto, a ci gaba. Wani ma har yana cewa motarsa “mai shan ruwa ce”, kamar wata ɗabi'a ce da aka ƙera ta da ita. To ba haka ba ne. Hanyar ruwan inji rufaffiya ce, ruwan zagayawa yake yi ya dawo inda ya fito. Mota mai lafiya tana iya yin watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. In kana ƙara ruwa kowace safiya, akwai inda yake fita, kuma aikinmu yau shi ne mu nemo wurin.

Me ya sa ƙaramin yoyo ke kashe inji

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Injin mota kuwa yana aiki ne tsakanin digiri 85 zuwa 105, wato dab da inda ruwa ke tafasa, wani lokaci har ya ɗan haura. Abin da ke hana shi tafasa shi ne matsi. Murfin lagireto ba murfi ba ne kawai irin na jarka, akwai sifirin a cikinsa da ke riƙe matsi. Duba samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Da matsin 1.1, ruwa ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120.

To da zarar an sami huda, ko da ta kai bakin allura ce, matsin nan ya gudu. Asara ta zama biyu: ruwa yana raguwa, wanda ya rage kuma yana tafasa da wuri. Tururi ba ya ɗauke zafi kamar ruwa, sai kan inji ya yi ta gasuwa har gasket ya ƙone ko kan ya lanƙwashe. Haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu a ƙasar Yauri, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, ga mota ta sha lodin albasa ko kwandunan kifi daga Wara, ga ramuka sun hana gudu balle iska ta bugi lagireto. Tiyon da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba sai ya jawo maka sauke inji.

Kafin ka taɓa komai

Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ciki yana iya wuce digiri 100, kana sassauta murfin zai yi tsalle ya wanke maka fuska da hannu. Jira aƙalla minti 30, sannan ka matsa babban tiyo na sama da hannu. In yana da tauri kamar tayar keke, akwai sauran matsi, ƙara jira. Ka kuma yi nesa da fanka, domin ta lantarki tana iya tashi da kanta ko da an kashe mota. Wanda tsautsayi ya faɗa wa ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwan sanyi na kimanin minti 20 sannan a tafi asibiti. Ban da shafa man goge baki ko baƙin mai.

Binciken farko: kwali da fitilar waya

Da daddare, bayan ka dawo, shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin inji. Kafin ka kwanta ɗauki hoton robar ajiyar ruwa, wadda ke da layin MIN da MAX. Da safe, inji na sanyi, sake ɗaukar hoto daga wuri guda ka kwatanta. Yi haka kwana uku, za ka san yawan abin da motar ke zubarwa ba tare da kintace ba.

Ɗigon da ke kan kwalin zai nuna maka wajen da za ka duba. In ruwa ne garau, marar wari, a ɓangaren fasinja, kuma ka kunna AC jiya, wannan gumin AC ne, ba matsala. Ruwan inji yana da kala, kore ko ja ko ruwan hoda, da ɗan santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Matsalarmu a nan ita ce yawancin motoci ruwan rijiya ko na kogi ne a cikinsu, don haka abin da za ka gani shi ne ruwa mai launin tsatsa.

Yanzu kunna fitilar waya ka bi hanyar ruwan. Abin da kake nema ba lallai jiƙa ba ne, domin inji mai zafi yana busar da ɗigo nan take. Nemi sawun da ya bari: farin gari kamar kanwa, ko layin tsatsa da ya gangaro. Fara da bakin tiyo na sama da na ƙasa, inda kilif ya kama. Matsa tiyon, in ya yi laushi kamar burodi, ko ya kumbura, ko ya tsattsage, ya gama aiki. Sai lagireto kansa, musamman inda robar sama ta haɗu da alminiyom, nan ne ya fi tsagewa. Sai famfon ruwa, wanda kanikawa ke kira wata-fom. Yana da ɗan rami a ƙasansa, in ka ga sawun ruwa daga ramin, sil ɗin ciki ya mutu. Masu Golf da Sharon su duba robar da tiyo ke shiga a gefen kan inji, tana yawan tsagewa idan ta tsufa. Waɗannan motocin murfin matsinsu a kan robar ajiyar ruwa yake, ba a kan lagireto ba.

Inda ido ba ya kaiwa, kamar bayan inji, kunna bidiyo da filasha ka zura wayar a hankali, inji a kashe, sannan ka fito da ita ka kalla kana tsayar da hoton. Na sha ganin an gano yoyo ta haka bayan an yi kwana biyu ana lalube.

Akwai wuri ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Motocin tokumbo an ƙera su ne don ƙasashen sanyi, suna da ƙaramin lagireto a bayan dashbod mai ɗumama cikin mota. Mu ba ma kunna shi, amma ruwa na bi ta cikinsa. Ɗaga kafet na gaban fasinja ka taɓa. In a jiƙe yake, ga ɓarawonka nan. Bakanike zai iya haɗe tiyoyinsa biyu a kewaye shi.

Na'urar da ke sa waya ta karanta zafin inji

Allurar zafi ta dashbod ba ta faɗin gaskiya duka. A motoci da yawa tana tsayawa a tsakiya ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake sokawa a wata kafa mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ana kiran kafar OBD2. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner, ka ga ainihin zafin ruwan da lamba, kana tafiya. Ba mu wayar wani ya riƙe, kai ka kalli hanya.

In lambar na hawa a go-sulo tana sauka idan ka sami gudu, zargi fanka. In tana hawa a kan gudu da lodi, zargi ƙarancin ruwa ko toshewar lagireto. In tana tsalle sama da ƙasa, wataƙila iska ta shiga hanyar ruwan. Manhajar tana nuna lambobin matsala: P0217 na nufin inji ya yi zafi fiye da kima, P0128 kuma ruwa ba ya kaiwa zafin da ya kamata, abin da ake yawan gani a motar da aka cire wa tamostat. Sai dai a sani, na'urar ba ta nuna wurin yoyo, zafi kawai take faɗa. Kuma an wajabta OBD2 ne a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur, don haka tsohuwar Golf 3 ta Turai tana iya ƙin amsawa. Gwada a motarka kafin ka biya.

Idan ba ka ga ɗigo ko ɗaya ba

Fara da abu mafi araha: murfin. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa na fita a matsayin tururi ba ka gani. Sayi mai lamba daidai da na asali. In ba shi ba ne, nemi garejin da ke da famfon gwajin matsi, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura, inji na sanyi, sai ɓoyayyen yoyo ya bayyana.

In duk an yi ba a gani ba, to ruwan ciki yake shiga. Alamomin ƙonewar gasket su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, kumfa na tasowa a robar ruwa, tiyo ya yi tauri mintuna kaɗan da tayar da mota, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan ba aikin gida ba ne. Kashe motar, kira bakanike.

Gyaran da za ka iya da kanka

Canza tiyo bai fi ƙarfin mai filaya da sukundireba ba. Ɗauki hoton yadda komai yake kafin ka kwance. Inji na sanyi, tara roba a ƙasa, sassauta kilif, murɗa tiyon ya saki sannan ka ja. Kada ka ɓanɓare shi da ƙarfe, bakin lagireto roba ne, zai karye. Goge bakin, sa sabon tiyo da sabon kilif. Zuba ruwa a hankali, tayar da mota murfi a buɗe, kunna hita, ka bari kumfar iska ta fita kana ƙarawa. Idan tiyon sama ya yi zafi, rufe murfin, jira fanka ta tashi. Washegari da safe sake duba layin ruwan.

Lagireton da robarsa ta tsage, gam mai haɗi biyu zai iya kai ka gida, amma ba zai daɗe ba, zafi da matsi za su ɗaga shi. Tsofaffin lagireto na tagulla ne ake iya yi wa dalma su zauna. Fasa ɗanyen ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto kuwa, yana toshe hudar, yana kuma toshe siraran hanyoyin da ruwa ke bi. Cire tamostat ma ba ya maganin yoyo, ɓoye alamar kawai yake yi, mota ta ƙara shan mai.

Sai maganar ruwan da za a zuba. Mutumin Shanga ko Ngaski ruwa ba ya yi masa wuya, ga kogin Neja ga tafkin Kainji, shi ya sa ake ɗiba a zuba kai tsaye. Amma ruwan kogi yana ɗauke da laka, musamman da damina, na rijiya kuma yana barin ɓawo irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Babu ɗayansu da ke hana tsatsa. Kulant na gaskiya yana da sinadarin hana tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Karanta jikin galan: wani an riga an haɗa shi, wani sai ka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Ƙaramar mota kan ci lita 5 zuwa 7. Kada ka gauraya iri biyu, misali G11 da G12 na Volkswagen, suna iya yin dusa su toshe lagireto.

In ta kama ka a hanya, allura ta doshi ja, kashe AC, kunna hita har ƙarshe, ka nemi wuri mai aminci ka tsaya. Kada ka watsa wa inji ruwan sanyi. Idan ya huce, fiya wata ya fi na kogi, kuma ka kai motar a wanke hanyar ruwan da zarar ka isa gari. Tsohon kulant da ka tara a roba guba ne mai zaƙi, akuya da kyanwa suna lasa su mutu, yaro ma zai iya ɗauka lemo ne. Rufe shi a jarka ka rubuta a jiki, kada ka zubar a kwata ko a bakin ruwan da masunta ke kamun kifi.