Shirin Hawan Dutsen Chappal Waddi

Dutsen Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, shi ne mafi tsawo a Nijeriya, ƙafa 7,936. Yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, a Jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙasa, nesa da asibiti.

Kada kowa ya shiga gandun sai ya nemi izni a ofishinsa da ke Serti, an haɗa shi da jagora. A tafi da rani, tsakanin Disamba da Maris, domin da damina koguna kan cika su datse hanya.

Mai niyyar tafiya ya fara saba wa jikinsa da doguwar tafiya ɗauke da kaya, tun da sauran makonni. Kada ya sa sabon takalmi. Ƙafar da ta salɓe a rana ta biyu ita ke tsayar da ayari duka. Ya riƙi bargo da rigar sanyi, ko da ya baro zafi a ƙasa, gama sanyin dare a bisa dutsen ba wasa ba ne. Guzuri ya zama mara nauyi: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi. Ruwan rafi kuwa, kome haskensa, a tafasa shi kafin a sha.