Darasi: Matashi Da Ƙungiyar Wasa

Iyaye da yawa suna ɗaukan wasan guje-guje da ƙwallo kamar ɓata lokaci ne. Bari mu bincika, gama abin da yaro ke yi da yammacinsa yana da nauyi a kan irin mutumin da zai zama.

1. Jiki. A shekarun balaga ƙashi yana yin kauri da sauri, gudu da tsalle kuwa suna ƙara masa ƙarfi. Zuciya da huhu su ma suna ƙarfafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. Amma a 2019 ta sanar cewa matasa 81 cikin 100 ba su cika wannan ba, 'yan mata kuma sun fi samari rashi. Ƙungiya tana da ranaku tsayayyu, ba sai ranar da yaro ya ga dama ba.

2. Hankali. A ƙungiya yaro yana koyon zuwa a kan lokaci, da bin doka, da jimre wa kaye ba tare da faɗa ba. Yana da abokan da za su neme shi in bai zo ba, da babba mai lura da shi.

3. Misali. A ƙasar Aisilan, can arewacin Turai, a 1998, yara 42 cikin 100 masu shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya cikin watan da ya wuce. Sai hukuma ta taimaki ƙungiyoyin wasa da kuɗi, iyaye suka yi alkawarin ƙara zama da 'ya'yansu, aka hana yara yawon dare. A 2016 adadin ya sauko zuwa 5. Ku lura, wasa bai yi aikin shi kaɗai ba, sai tare da iyaye.

4. Gargaɗi. Horo fiye da kima yakan ɓata gwiwar yaro mai girma. Mai koyarwa mai zagi yakan karya masa zuciya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, saboda haka ku san shugaban ƙungiya kafin ku ba shi ɗanku.

Tambayoyi: Ina yaranku suke tsakanin tashi daga makaranta da faɗuwar rana? Wa ke lura da su? 'Yan matanku fa, suna da wurin wasa?