Baƙo da Akushin Mutane: Darasi Daga Ƙasashen Mabiya Buddha

Kowane ɗalibi a kwalejin nan ya sani akwai ranar da za a miƙa masa takarda, a ce ga makarantar da zai koyar. Ba a tambayarsa ko yana da dangi a garin. Wani a tura shi Das ko Tafawa Ɓalewa, wani Ningi ko Warji, wani kuwa can Gamawa. Zai sauka daga mota shi kaɗai da akwatinsa, cikin mutanen da mai yiwuwa harshensu dabam, miyarsu dabam, watakila addininsu ma dabam. Abin da ya yi a makon farko shi zai nuna ko zai zauna lafiya, ko kuwa zai yi ta rubuta takardar neman canji.

Saboda haka darasinmu na wannan karo a kan zaman baƙunci ne. Za mu ɗauki misali daga nesa ƙwarai, watau ƙasashen mabiya Buddha, gama wanda ya gane yadda ake zama da mutumin Tailan, zama da Basayi ko Bajari ba zai gagare shi ba. Abu uku za mu duba: tafiya, da abinci, da aikin taimako.

Inda ƙasar take

Ku buɗe taswirar Asiya, ku sa yatsa gabas da Indiya, kudu da Sin. Nan Tailan take. Sunanta na da Siyam, a 1939 aka sake mata suna. Babban birninta Bankok, nisansa daga layin da ya raba duniya biyu kusan daidai yake da na Sakkwato. Daminarsu kuwa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kamar tamu. Agogonsu ya riga namu da sa'a 6, watau in muna ƙarfe 6 na safe a Bauchi, su rana ta take tsaka. Mutanenta wajen miliyan 70 ne, kuma Turawa ba su taɓa mallakarta ba.

Cikin kowane mutum 10 na ƙasar, 9 mabiya Buddha ne. Shi Buddha ɗan sarki ne, sunansa Siddata Gotama, an haife shi a Lumbini ta ƙasar Nepal fiye da shekara 2,400 da suka wuce. Ya hori mabiyansa su guji abu biyar: kisa, da sata, da alfasha, da ƙarya, da kayan maye. Akwai Musulmi kuma, kamar 5 cikin 100, yawancinsu a kudu, wajen Pattani da Yala da Naratiwat, kuma akwai masallatai da yawa cikin Bankok.

Tafiya kai kaɗai

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a garin nan. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana malamin Midil ta Bauchi, ya tafi London ya yi shekara guda yana koyon aikin malanta. Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a Midil ɗin, ya bi bayansa. Abin da suka gano can ya yi amfani a nan.

Amfanin tafiya kai kaɗai shi ne tilas ka yi magana da mutanen gari. In ku biyar ne, Hausarku za ku yi ta yi, ku dawo ba ku koyi kalma goma ba. Amma tana da haɗari, don haka sai da shiri. Ɗan Nijeriya mai zuwa Tailan yana bukatar biza da katin allurar shawara. Kada ya karɓi ƙunshin kowa a filin jirgi, ko da an ce saƙon magani ne, gama hukuncin miyagun ƙwayoyi a can mai tsanani ne. Kada kuma ya sa baki cikin zancen sarkinsu, don dokarsu ta tanadi ɗauri har shekara 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki.

Ladabinsu ba shi da wuyar koyo ga Bahaushe. Ana tuɓe takalmi a ƙofar gida da ƙofar ɗakin ibada. Ba a dafa kan mutum, ko da yaro ne, kuma ba a miƙe ƙafa wajen babba. Ɗaga murya cikin fushi abin kunya ne ga mai yinsa. Da asuba sufayensu, masu yafa tufa ruwan goro, kan fito ba takalmi, kowa da ƙwaryarsa, su bi layi shiru, mutane na zuba musu shinkafa. Wanda ya tashi a garin da almajirai ke yawo da akushi zai ce ya san wannan. Amma da bambanci: sufin ba ya roƙo, mai bayarwa ne ke ganin an yi masa alheri da aka karɓa. Ba sa cin abinci bayan tsakar rana, kuma mace ba ta taɓa su. Ba a ce baƙo ya yi ibadarsu ba, abin da ake nema gare shi kawai kada ya yi ba'a.

Abinci

A bakin Tailawa "cin shinkafa" shi ne cin abinci, kamar yadda mu kan ce a zo a ci tuwo ko da dambu ne cikin kwanon. Har gaisuwa suke yi da tambayar ko ka ci shinkafa. Dattawanmu sun san buhunan shinkafarsu da suka cika kasuwannin Wunti da Muda Lawal a shekarun baya. Mutanen arewa maso gabas, yankin da ake kira Isan, shinkafa mai danƙo suke ci. Su turara ta, su zuba cikin ɗan kwando, kowa ya gutsura da hannu ya dunƙula loma ya tsoma a miya, sak yadda muke yi da tuwo.

Ga wani abin da zai ba Babauce mamaki. Suna da wani abincin safe da suke kira kanom krok. Garin shinkafa ake damawa da madarar kwakwa da ɗan sukari, a zuba cikin kasko mai gurabu, a toya bisa garwashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai masa ya ga tanda, zai gane kaskon nan tun daga nesa. Bambancin shi ne ƙullun masa sai an jiƙa shinkafa, an niƙa, an sa yis an bar shi ya tashi, sa'an nan a ci da miyar taushe ko ƙuli, nasu kuwa da zaƙinsa ake ci.

Akwai kuma nam pla. Ƙananan kifaye ake cuɗawa da gishiri, a rufe cikin randa wata da watanni, ruwan da ya tatso shi ne ɗanɗanon kusan kowace miya tasu. Baƙo ya ji warinsa sai ya toshe hanci. To, amma ku tuna yadda ake daddawa: a dafa kalwa, a rufe ta kwanaki har ta ruɓa. In Batailande ya shiga gidan da ake wannan aiki, shi ma hanci zai toshe. Ashe kowa da daddawarsa. Wanda ya gane wannan ya daina cewa abincin wasu ƙazanta ne.

Sai dai akwai iyaka. Ko da yake addininsu ya hana kisa, yawancin Tailawa na cin nama, har da alade. Musulmi zai nemi shagon da ke da tambarin halal, wanda majalisar Musulmin ƙasar ke bayarwa, ko ya tsaya kan kifi da ƙwai da ganye, ya kuma tambayi irin man da aka yi suya da shi. Ka'idar ita ce: abin da addininka ya hana, ka faɗa tun kafin a ɗora tukunya, cikin fara'a, sau ɗaya. Abin da ba a hana ba kuwa, baƙuntarsa ce kawai ta dame ka, ka daure ka ci. Mai gida na gafarta wa wanda ya ce addinina ya hana, amma ba ya manta wanda ya yatsine fuska. In kana so a sake da kai, nemi a koya maka girki guda, kai ma ka nuna naka.

Aikin gayya

Yanzu mu ƙetara zuwa Siri Lanka, tsibirin da ke kudu da Indiya, wanda a da ake kira Silon. Nan ma mabiya Buddha suka fi yawa. A 1958 wani malamin makaranta, A. T. Ariyaratne, na Kwalejin Nalanda a Kolombo, ya kwashi ɗalibansa lokacin hutu zuwa wani ƙauye, Kanatoluwa, wanda mutanensa ake ƙyama saboda asalinsu. Suka kwana can, suka ci abin da mutanen ke ci, suka haƙa rijiyoyi da masai tare da su. Sunan wannan aiki a harshensu shramadana, watau sadakar ƙarfin jiki. Mu gayya muke cewa. Daga wannan fita ƙungiyar Sarvodaya ta tsiro, ta kai dubban ƙauyuka. Malamin ya rasu a 2024. Abin lura, ba kuɗi ya kai musu ba. Zama ya yi da su, aka yi shawara, aka ɗauki aikin da su suka ce ya dame su.

A shekarar nan ta 1958 aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila, a 1961 kuma Amurka ta kafa tata, Peace Corps. Samarinsu da yawa sun koyar a makarantun Arewa. Mu ma muna da namu. Ran 22 ga Mayu 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa, don 'yan Nijeriya su san juna bayan yaƙin basasa. Waɗanda aka turo Jihar Bauchi sukan yi mako 3 a sansanin Wailo, sa'an nan a rarraba su, da yawansu zuwa makarantu. A 1987 kuma aka kafa shirin tura ƙwararrunmu, har da malamai, su yi shekara 2 suna taimako a wasu ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na Pasifik.

Inda masu taimako kan yi kuskure

Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Ga misali biyu.

Cikin Oktoba 1961 wata yarinya Ba'amurkiya, cikin rukunin farko na Peace Corps, tana karɓar horo a Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta kati tana kwatanta talauci da ƙazantar da ta ce ta gani. Katin ya faɗi, ɗalibai suka tsinta, suka buga shi suka rarraba. Aka yi zanga-zanga, tilas ta bar ƙasar. Yau kowa na da waya a aljihu. Hoton da malami ya ɗauka na yagaggen ajinsa, ya sa a Facebook da kalmar raini, kafin la'asar ya iso hannun mai unguwa.

Na biyu daga Kambodiya ne, maƙwabciyar Tailan. Baƙi suka yi ta zuwa gidajen marayu, su yi mako ɗaya ko biyu, su ba da kuɗi, su tafi. Da aka ga abin na kawo kuɗi, sai gidajen suka yi ta ƙaruwa. Binciken da gwamnatin ƙasar ta yi tare da UNICEF, aka fitar a 2011, ya nuna kusan yara 3 cikin 4 na gidajen nan suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya sa aka rabo su da gida. Ga shi taimako ya zama cuta. Ku sani kuma a Tailan aikin sa-kai ma sai da izinin hukuma, ko da ba a biyan ka ko kwabo.

Mu dawo gida

Daga abin da muka karanta, ga abin da ya kamata sabon malami ya riƙe.

1. Ranar da ka sauka, bayan hedimasta, ka je ka gai da mai gari da shugabannin addini na wurin, kowane ne.
2. Cikin makon farko ka koyi gaisuwa da godiya da ƙirga 1 zuwa 10 a harshensu. Yaran ajinka su ne malamanka.
3. Akushin farko da aka aiko maka, kada ya koma yadda ya zo.
4. Kada ka ce za ka gyara kome sai ka yi wata guda kana tambaya. Matambayi ba ya ɓata.
5. Aikin da za ka fara, ya zama wanda zai ci gaba bayan an canja ka.
6. Kada ka rubuta a kan mutane abin da ba za ka iya karanta musu a dandali ba.

Ku tuna kuma, wani lokaci mu ne masu gida. Ɗan bautar ƙasa da ya zo daga Inugu ko Kalaba, bai taɓa ganin miyar kuka ba, halinsa ɗaya da naka in an sauke ka a Bankok. Ka kai shi wurin mai masa, ka faɗa masa abin da ake so da abin da ba a so a gari. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambayoyi

1. In ƙarfe 2 na rana ne a Bauchi, ƙarfe nawa ne a Bankok?
2. Kwatanta masa da kanom krok: me ya haɗa su, me ya raba su?
3. Me ya sa aikin Ariyaratne ya ɗore, na baƙin Kambodiya kuwa ya jawo ɓarna?
4. An kawo maka abincin da addininka ya hana. Rubuta abin da za ka ce wa mai gida, kada ya wuce jimla uku.
5. Nemi ɗalibi ɗaya a ɗakin kwananku wanda harshenku ba ɗaya ba. Rubuta yadda ake yin miya guda ta garinsu, da sunayen kayanta a harshensa, ka kawo aji ran Litinin.