A Auna Magana Kafin A Saya

Mutumin da ya je sayen gero kasuwar Mai'adua ba ya biya sai ya zura hannu har ƙasan buhu, ya tabbatar ba a yi masa algus ba. Amma shi ɗin dai, da an turo masa saƙon murya a WhatsApp, sai ya haɗiye ba tauna, ya kuma tura wa mutum goma kafin ya tashi daga majalisa.

Awon magana ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Malamanmu na zaure suna kiransa manɗiƙi. Malamin nan da ya rubuta Ahalari, littafin tsarki da salla da kusan kowane almajirin ilimi ya fara da shi, shi ne kuma ya tsara littafin Sullam a kan wannan fanni. Tushen abin kuwa ba wuya: kowace magana tana ɗauke da da'awa da kuma dalili. Aikinka ka raba su, ka duba ko dalilin zai iya ɗaukar kayan da aka ɗora masa.

Mu mutanen Daura mun ga darasin nan a ƙofar gida. A 2017 marigayi Muhammadu Buhari ya shafe sama da kwana 100 yana jinya a Landan. Daga baya aka baza labari wai ya rasu, wai wanda ke fadar shugaban ƙasa wani ne daga Sudan mai suna Jibrin. Mene ne dalilin? Hotuna biyu da aka jera, aka ce kunne ya sauya, fuska ta rame. To, wa ya taɓa doguwar jinya bai sauya kama ba?

Tambayar da ta kamata ita ce: in wannan magana gaskiya ce, me kuma dole ya zama gaskiya? Dole ke nan baƙon ya iya Hausar Daura, ya san 'yan uwa da abokan makaranta ɗaya bayan ɗaya, ya zo gida da Babbar Sallar waccan shekarar, ya gaisa da Mai Martaba Sarkin Daura Umar Faruk Umar, ba wanda ya gane. Ko kuwa duk waɗannan bayin Allah sun haɗa baki, aka rasa ko mutum guda da bakinsa zai suɓuce. Wanne ya fi sauƙin aukuwa, wannan ko ramar mai jinya?

A lura da wani tarkon kuma. Da Buhari ya yi shiru, aka ce ai shirun shaida ne. Da ya musanta a ƙasar Poland cikin Disamba 2018, aka ce da ma me ake so ya ce. Duk maganar da shiru ke tabbatar da ita, musu ma ya tabbatar da ita, an gina ta ne don kada a iya gwada ta.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Wannan ƙarya ta yi mana sauƙin ganewa ne domin ta taɓa namu. Gwajin gaske shi ne maganar da ta yi wa kunnenmu daɗi. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, kan iyakar Kongolam ta yi tsit, 'yan kasuwar Mai'adua da Zango da Baure suka ji a jikinsu. A majalisu aka raba mutane gida biyu: ko kana goyon bayan rufewar, ko kai ɗan fasa-ƙwauri ne. Alhali mutum yana iya son a noma shinkafa a gida, ya kuma ga cewa an cuci mai kai kaya Matamaye ko Damagaram ta halal. Wanda ya ba ka zaɓi biyu kacal, tambaye shi ina ya ɓoye na uku.

Haka zancen "a zamanin wane buhu ya yi kaza". Faruwar abu a lokacin mutum ba ta nuna shi ya jawo shi, alheri ne ko tsiya. Damina, kuɗin taki, darajar naira, 'yan bindiga da suka hana noma, duk suna da hannu a farashin masara. Shugaba yana da nasa kason, amma sai an nuna ta wace hanya. Kuma "ai ɗanmu ne" ba hujja ba ce, kamar yadda "ai ɗan waccan jam'iyya ne" ba ta rushe gaskiyar da mutum ya faɗa.

"An ce wani likita ya ce" kuwa, ita ta sa jama'a wanka da ruwan gishiri da shansa cikin dare a Agusta 2014 don tsoron Ebola, har aka yi asarar rayuka. Wane likita? A ina? Ba wanda ya tambaya.

Sai mai mota da lasifika ranar kasuwa, da kwalba guda mai maganin basir da sanyi da shawara da ciwon suga. Zai tsayar da wani ya rantse ya sha ya warke. Mu ƙaddara ma da gaske yake. Mutum nawa suka sha? Waɗanda ba su warke ba ai ba a miƙa musu lasifika, suna gida ko gadon asibiti. Wasu cututtukan kuma da kansu suke lafawa, kwalba ta karɓe yabo. In ya ɗaga lambar NAFDAC, ka karɓa ka karanta da kanka, ko ka ba yaro ɗan makaranta. A kan yawancin magungunan gargajiya, lambar tana nufin an duba ba a ga abin cutarwa ba, shi ya sa za ka tarar an rubuta a jikin kwalbar da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.