A Ga Inda Cutar Ta Kai Kafin A Sa Wuƙa

Jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wannan bayani na magidanta ne da suka haura shekara 50, da 'ya'yansu masu kai su asibiti.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu kamar ƙwayar goro, wanda likitoci ke kira furostet, ta tsakiyarsa fitsari ke bi. Idan shekaru suka ja yakan kumbura, fitsari ya riƙa fita da kyar. Yawanci kumburin tsufa ne kawai, amma wani lokaci sankara ce. Ana bambancewa da gwajin jini na PSA, da binciken likita da yatsa ta dubura, sa'an nan a gutsuro 'yar tsoka a auna.

To, an tabbatar sankara ce. Sai ka ji dangi sun matsa, a yi aiki a cire a huta. Ku dakata. Tiyata tana warkarwa ne idan cutar ba ta fita daga ƙullutun ba. Idan ta riga ta kama ƙashi, cire ƙullutun ba ya kashe ta, sai dai a bar wa dattijo ciwon yanka, wani lokaci har da ɗigar fitsari da raunin mazakuta. Shi ya sa likita ke neman hoto tukuna.

Sikanin da ake yi a ƙananan asibitoci, a shafa mai a mara a goga, yana nuna girman ƙullutun da fitsarin da ya rage. Ba ya faɗin inda sankara ta kai. Wannan aikin hoton MRI ne. Mutum zai kwanta cikin na'urar kamar minti 30 zuwa 45, ba zafi, sai dai ƙara mai yawa, ta nuna ko cutar ta huda fatar ƙullutun, ko ta kusanci jijiyoyin da ke gefensa. Da maganaɗisu take aiki, saboda haka wanda aka taɓa sa masa ƙarfe a jiki ya faɗa tun kafin ya shiga. Laya da zobe duk a tuɓe. Hoton CT yana duba kaluluwar ƙugu da ciki. Akwai kuma hoton ƙashi, domin wannan cuta ta fi son ƙashin baya da na ƙugu. Ana nemansa idan PSA ya wuce 20, ko kuwa mutum yana fama da ciwon baya wanda ba ya jin magani. Manomi yakan ɗora wannan ciwo a kan fartanya, alhali ba kullum ne laifinta ba.

Idan hoto ya nuna ta bazu, ba a rasa abin yi ba: akwai allurar da ke rage sinadarin maza wanda cutar ke ci, akwai kuma gashi da na'ura.

Hoton da tsada, kuma daga Riruwai ko Kwanar Ɗangora zuwa Kano tafiya ce. Amma wanda ya sayar da masara ya biya tiyatar da ba ta da amfani, shi ya fi asara. Ku karɓi takardar turawa daga babban asibitin yankinku zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Abubakar Imam, ko na Shika a Zariya. Ku tafi da duk sakamakon gwajin da aka taɓa yi, kuma ku tambayi likita kai tsaye: ina cutar ta kai?