Darasi na 14: Idan An Rufe Asibitin Unguwa

A Ingila, iyali kan yi rajista da likita guda, shi ne farkon wanda suke gani idan wani ya kamu da rashin lafiya. A Gombe kuwa, abin da ya fi kama da wannan shi ne asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko ƙaramin asibitin kuɗi da iyali suka saba da shi, a Pantami ko Bolari ko Tudun Wada. Wasu daga cikinsu sukan tashi aiki da yamma. To, me mutum zai yi idan ciwo ya taso cikin dare, ya je ya tarar da ƙofa a garƙame?

Abu na farko shi ne a rarrabe ciwon da zai jira wayewar gari da wanda ba zai jira ba. Mura da ɗan tari za su iya kaiwa safe. Amma idan yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, wannan ba na jira ba ne. Haka nan mai juna biyu da take zubar da jini, da wanda numfashi yake yi masa wuya, da dattijon da bakinsa ya karkace ko hannunsa ya shanye farat ɗaya. Waɗannan sai babban asibiti, nan take.

A birnin Gombe akwai Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Jekadafari, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka. Sashen gaggawa na manyan asibitoci irin waɗannan ba ya rufewa, dare da rana, har ranar Sallah. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta. Sai dai kada a zauna jiran motar asibiti alhali ga motar maƙwabci ko Keke Napep a ƙofar gida. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ya ƙi ba da taimakon gaggawa ga wanda aka kawo. Duk da haka, a riƙe ɗan kuɗi, domin magani da gwaji ba su cika zuwa kyauta ba.

Mutane da yawa kemis suke fara nufa, saboda yana kusa kuma mai shi sananne ne. Yana da amfaninsa: a nan za a sami ƙunshin gishiri da sukari na mai gudawa. Idan babu, sai a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan a kan hanya. Amma mai kemis ba likita ba ne. Allurar da aka yi wa yaro mai jijjiga a shago takan cinye lokacin da ya kamata a ce an isa asibiti.

Saran maciji ma haka, musamman na kububuwa, wadda ta yi yawa a kudancin jihar, har aka kafa asibiti na musamman a Kaltungo. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau.

Da an isa, ma'aikaciyar jinya za ta yi tambaya: “Tun yaushe ya fara? Me kuka ba shi?” A faɗi gaskiya, ko da jiƙo ne aka ba shi a gida. A kuma tafi da katin asibiti da kwalin duk maganin da ya sha, domin likitan dare bai san shi ba.

Aiki

1. Wane bambanci ne tsakanin ciwon da zai jira safe da wanda ba zai jira ba? Kawo misali biyu.
2. Gina jimla uku da “kada”, kamar haka: Kada a tsaga wurin.
3. Kai da abokinka ku shirya hira tsakanin ma'aikaciyar jinya da mahaifin da ya kawo ɗansa da ƙarfe 2 na dare.